Keken Batir da Muka Haɗa da Labbo

Samarin da ke zama bakin rumfata yanzu sun ɗauka haɗa keken batir wasa ne. Kowa ya gani a cikin wayarsa: a ɗaura inji a ƙafar baya, a ɗora batir, a haɗa jar waya da baƙa, a hau a tafi. Ba na musu da su, domin wanda ya ɗauki hoton ba ya nuna musu inda waya ke gogar ƙarfe har ta fige, ba ya kuma bin keken zuwa cikin rairayi da buhun albasa a bayansa. Ni dai zan faɗi abin da hannuna ya taɓa. Ni da wani abokina Labbo mun haɗa irin wannan keke a nan Jega tun jihar Kebbi tana sabuwa, lokacin da babu wanda ya taɓa ganin irinsa a ƙasarmu, kuma mun bar aikin tun bai kai inda ya kamata ya kai ba.

Aikin farko da aka ba ni a sana'a shi ne miƙe wata lanƙwasasshiyar ƙafar keke. Mahaifina ne ya kawo ni daga Jandutsi ya danƙa ni ga Arzika Mai Keke, wani dattijo mai rumfa kusa da masu sayar da hatsi. Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba: sifana, filaya, guduma, famfo, gwangwanin sholisho na faci, da wani tsohon kwano da ake nutsa tif a ciki a nemo inda iska ke fita. Ƙafar ta wani mai dakon itace ce. Arzika ya kifa keken, ya miƙo mini ɗan makullin da ake ɗaure wayoyin ƙafa da shi, ya koma ya zauna. Na ɗaure nan, can ya karkace. Na ɗaure can, nan ya dawo. Na yi kwanaki a kan ƙafar nan, shi kuwa yana zaune yana kallona har sai da na gaji na ajiye makullin. Sannan ya taso ya nuna mini cewa kowace waya tana jan 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, in ka ɗaure ɗaya sai ka sassauta wata. Ya kuma ce kafin in taɓa kowane keke in tambayi mai shi abin da yake ɗauka, domin keken malamin makaranta da na mai itace ba ɗauri ɗaya ake musu ba.

Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka yawaita a kan hanyar Birnin Kebbi, babura suka cika gari, 'yan kabu-kabu suka fara tsayuwa a bakin tasha. Arzika da kansa ya ce in je in koyi gyaran babur, keke ya fara zama na tsofaffi da 'yan makaranta. Na koya, na buɗe rumfata. Baburan lokacin akwai masu haɗa fetur da baƙin mai, in ka tayar da ɗaya don gwaji sai hayaƙi ya rufe rumfar har ba ka ganin wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Haka muke wuni a ciki. Da yamma in mutum ya yi kaki sai ya ga baƙi. Tsohon man da muka juye kuwa a wani rami bayan rumfa muke zubarwa, duk masu gyaran layin haka suke yi. Wurin nan ko ciyawa ba ta fitowa, kuma da damina ruwa ya kwashe shi zuwa kududdufin da ake shayar da dabbobin da aka kawo kasuwa. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Kowa ya ga haka ake yi.

Labbo maƙwabcina ne a layin. Mutumin Maiyama ne, siriri, marar yawan magana, sana'arsa naɗin kwayil. In fanka ta ƙone ko injin niƙa ya tsaya, shi ake kawo wa, ya warware tsohuwar wayar tagulla ya naɗa sabuwa da hannu, yana lissafin zagayen a zuci. Yana kuma yi wa mutanen ƙauye cajin batirin mota, waɗanda suke kunna rediyo da talabijin da shi. Duk rigunansa huji ne saboda ruwan batir. Ni ban san komai a kan wuta ba, shi kuma ko faci bai iya ba, don haka kowa yana girmama aikin ɗan'uwansa.

Sai aka shiga wahalar mai. Waɗanda suka ga wannan zamanin ba sa buƙatar a ba su labari. Gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi, kuma abin da suke sayarwa ma an gauraya shi da kananzir. Rabin aikina a lokacin wanke kafireta ne da goge fulogi. Daga baya ma aikin ya tsaya, domin mutane sun jingine babura a zaure sun koma tafiya ƙasa.

A cikin wannan hali ne Nomau ya turo babur ɗinsa rumfata. Manomin albasa ne daga Aliero, ya daɗe yana kawo mini gyara. Gonarsa tana can cikin fadama, da nisa daga gari, shi kuma gwiwarsa ta dama ta lalace tun wani faɗuwa da ya yi daga kan amalanke, ba ya iya taka feda mai nisa. Ya ce man da yake samu duk injin ban ruwa yake ba, domin albasa ba ta jiran kowa, shi kuma sai ya kwana a gona ko ya roƙi mai jaki ya ɗauke shi. Ya tambaye ni ko akwai dabarar da za a yi wa babur ya rage shan mai. Na ce masa babu, na riga na matse shi iyakar matsewa.

Labbo yana jin mu daga rumfarsa. Ya jira sai da Nomau ya tafi. Sannan ya kira ni, ya jawo wani dainamo na tsohuwar mota daga ƙarƙashin benci, irin wanda ke yi wa batir caji in mota tana tafiya. Ya taka shi da ƙafa, ya ɗauko waya biyu daga batir ya taɓa masa. Sai ga abin yana juyawa da kansa.

Ya ce, "Mamman, abin ga in an juya shi shina ba da wuta, in an ba shi wuta shina juyawa. Kai ka san sarƙa, ni na san waya. Mi za ya hana shi juya ƙahwar keke?"

Daga nan muka fara. Na nemo wani tsohon keke mai sanda biyu, irin na masu dako, domin shi ne zai iya ɗaukar nauyi. Muka kai wa mai walda ya yi mana mazaunin dainamo a bayan sirdi da akwatin batir a tsakanin sanduna. Na ɗaura wa ƙafar baya haƙoran sarƙa na biyu a ɗaya gefen, don feda ta yi aikinta, inji ya yi nasa. Labbo ya warware dainamon gaba ɗaya ya sake naɗa shi da waya mai kauri. A faɗe abin kamar aikin mako ɗaya ne, amma damina ta same mu a kansa ta kuma bar mu a kansa.

Gwajin farko ni na hau, a filin da ke bayan layinmu. Labbo ya sa makunni irin na fitilar ɗaki. Ina dannawa keken ya fizge kamar an harbe shi, sarƙa ta tsinke ta dake ni a ƙwauri, na faɗa cikin tarin raken wani bawan Allah. Duk layin aka yi ta dariya, wani ya ce mu bari sai mun yi wa iyalanmu sallama. Labbo bai yi dariya ba. Ya duba tsinkakkiyar sarƙar, ya ce laifin wuta ne da ta zo gaba ɗaya, dole a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ya samo wayar da ke cikin tsohon rishon lantarki, ya yanka ta gida-gida, ya yi makunni mai hawa uku: na tashi, na tafiya, na gudu. Da wannan ya daidaita sai wayoyin ƙafar baya suka fara tsinkewa saboda nauyin batir. Na cire su duka na sa masu kauri na ƙaramin babur, na zauna na ɗaure su kamar yadda Arzika ya koya mini. Sai kuma birki ya ƙi riƙewa, domin robar birkin keke ba a yi ta don wannan nauyin ba. Kowane gyara sai ya haifi wani. A ƙarshe Labbo ya sa fis a kan babbar wayar, ɗan ƙaramin abu mai siririyar waya a ciki wadda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya kuma zura duk wayoyin cikin tiyon roba.

Ranar da na fara kai keken Aliero da hantsi na fita. Na yi shekaru ina bin hanyar nan a kan babur, amma ban taɓa sanin tana da sauti ba sai ranar. Ina jin ƙarar tayata a kan kwalta, ina jin tsuntsaye a cikin gero, wani makiyayi ya gaishe ni daga nesa na ji shi sarai na amsa. Na ratsa garken tumaki ko ɗaya ba ta firgita ba. Ba gudu yake yi sosai ba, babur zai wuce shi, amma ya fi mai taka feda nesa ba kusa ba. Da na isa rigata ba ta warin komai. A hanyar dawowa batir ya mutu tun ban hango Jega ba, na taka wannan uban nauyi da ƙafata har rumfa. Wannan ma darasi ne: duk wanda muka haɗa wa daga baya sai mun gaya masa ya riƙa taimaka wa injin da feda a wurin tashi da hawan tudu, kuma kada ya yarda ya shanye batir ƙarƙaf.

Masu tambayata ko abin yana da sauƙin kuɗi, ga yadda yake, kuma har yau bai sake ba. Keken da dainamon ba su ne masu tsada ba, tsofaffi ne, a bola ma ana iya samunsu. Batir shi ne kuɗin. In ka sa tsoho don arha, bai kai ka ko'ina ba. In ka sa sabo, ya cinye fiye da rabin abin da za ka kashe. Duk da haka gaba ɗayan aikin bai kama ƙafar kuɗin babur ba, ko na hannu. Cajin da zai kai mutum gona ya dawo da shi kuwa bai kai kuɗin kwalbar fetur ba ko a lokacin da mai yake da arha, balle a wancan lokacin. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta. Amma batirin mota ba a yi shi don a riƙa shanye shi kullum ba, kafin shekara ta zagayo ya fara sanyi, sai an sake wani. Mai babur yana biya kullum kaɗan-kaɗan, mai keken batir yana hutawa ya biya a dunƙule. Wanda ya iya tanadi shi ke cin ribarsa. Ba mu taɓa ɓoye wa kowa wannan ba.

Maganar tsabta ma ba na son a yi mata ƙari. Gaskiya ne ba ya hayaƙi, ba ya zubar da mai a ƙasa, ba ya damun kowa da ƙara. Amma batir yana da nasa dattin. Ruwansa yana cin tufafi da fata, kuma akwai masu sayen matattun batira su fasa su a bayan gari su narka darmar ciki, su bar ruwan ya bi ƙasa inda awaki ke kiwo. Labbo ba ya yarda da wannan. Duk wanda zai sake batir sai ya dawo masa da tsohon, ya juye ruwan a wata babbar jarka, ya tara batiran da ya juye sai mai motar da ke kai su kamfani ya zo. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mini magana a kan ramin da ke bayan rumfata. Ya ce in tara man a duro, masu katako suna saye su shafa don gara. Tun daga lokacin ban sake zubarwa ba.

Nomau muka fara haɗa wa. Yana da ɗan'uwa a cikin garin Aliero mai wutar lantarki a gida, Labbo ya haɗa masa ɗan abin caji ya kai can. A wannan ranin bai sake kwana a gona ba. Bayansa wani mahauci mai suna Sambo ya zo, wanda ke kai nama Birnin Malam da ƙauyukan kusa. Shi abin da ya ja shi, ya ce a kan babur nama yana ɗaukar warin fetur mata su yi ta ƙorafi. Na yi masa kariya ta ɗora kaya, mai faɗi da ƙugiyoyi. Sai wani malamin asibiti daga wajen Maiyama mai zagaya ƙauyuka da magani, wanda ya ce albashinsa duk a bakin 'yan bumburutu yake ƙarewa. Ba mu haɗa da yawa ba, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, domin dainamon irin wancan sai an bi makabartar motoci an tono. Amma mun fara magana a kan mu haɗe rumfunanmu biyu, mu ɗauki masu koyo, Labbo ya fara gwada naɗa injinsa tun daga tushe don mu daina dogara da tsofaffin motoci.

Shekarar da abin ya lalace albasa ta yi kyau ƙwarai. Mutanen Aliero ba sa sayar da ita da an cire, domin a lokacin ba ta da daraja. Sukan zuba ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa shiga, su jira sai ta yi tsada. Abincin gida, auren 'ya'ya, takin baɗi, duk suna cikin rudun nan. Kuma a jere ake yin su a gefen gari, na wannan yana taɓa na wancan.

Nomau ya riƙa ɗora wa keken buhu fiye da abin da muka ce, yana ratsa rairayi da shi. In inji ya ji nauyi sai ya ja wuta da yawa, fis ya tsinke, keke ya tsaya. Ya zo Jega sau da dama Labbo yana sake masa, yana kuma gaya masa ya rage kaya. Wata rana da tsakar bazara fis ya tsinke masa a hanya, babu wani a aljihunsa, sai ya tsinci ƙusa ya cusa a wurin. Keke ya tashi. Ya ga abin ya yi, ya bar ta a nan. A ranar da tsautsayin ya faru ya sauke kaya bayan azahar, ya jingine keken a inuwar rudunsa, ya yafa masa buhunan da babu komai a ciki don rana, ya tafi masallaci. Akwai wurin da tiyon roba ya goge a jikin ƙarfe saboda girgiza. Da fis ne a ciki, da ya tsinke shi ke nan. Ƙusa ba ta tsinkewa. Waya ta yi ja, buhu ya kama, ciyawa ta kama, ga iska. Kafin mutane su kawo ruwa rudun Nomau ya tafi, na maƙwabtansa uku ma sun bi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Washegari aka aiko mu je. Muka tarar da dattawan unguwar a zaune a ƙofar gidan mai gari, ga waɗanda suka yi asara a gefe ɗaya, ga gawar keken an jawo ta an ajiye a tsakiya, ta yi baƙi ƙirin, batir ya narke. Warin ƙonanniyar albasa ya cika garin. Mutane sun taru, ana ta cewa makanikan Jega sun haɗa abin da ba su san kansa ba sun sayar wa mutane. Ɗaya daga cikin masu asarar, wani tsoho da ya ce auren 'yarsa yake jira da albasar, ya yi magana mai zafi, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Labbo ya durƙusa gaban keken yana dubawa. Na ga lokacin da idonsa ya kai kan ƙusar, domin ita ba ta ƙone ba, tana nan a maƙale a gidan fis. Ya dube ta, ya dubi Nomau, ya koma ya zauna. Nomau ya rasa komai nasa a ranar, Labbo bai ga dalilin da zai ƙara masa da wani abu a gaban jama'a ba.

Nomau ne ya miƙe da kansa, yana dafe da gwiwarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a ɗora ma bayin Allah ga abin da ba su yi ba. Sun sa mashi abin tsaro, sun kuma hwaɗa mani in rage kaya. Ni na nic cire shi nis sa ƙusa. Ga ta can, kowa shi duba."

Dattawa suka yi shawara, suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri da juna, 'yan'uwa su taimaka wa waɗanda suka yi asara da abin da ya sawwaƙa. Amma suka ƙara da cewa kada a sake shigo da irin wannan keke kusa da rudu ko rumbu. Mu ma muka kai namu taimakon daidai ƙarfinmu. A hanyar dawowa na ce wa Labbo ai an wanke mu. Sai ya ce, "In ƙusa guda tana iya cinye abincin gida huɗu, aikinmu bai ƙare ba. Mutum in ya tsaya cikin daji, dole shi nemi dabara. Mu ya kamata mu yi abin da ba a iya sa ma ƙusa."

Labari ya riga mu isa kasuwa, kuma labarin da ya isa babu ƙusa a cikinsa. Abin da aka sani kawai keken Jega ya ƙone albasar Aliero. Sambo mahauci ya kawo nasa ya ce a cire masa injin, matarsa ta hana a shigar da shi gida. Malamin asibitin ya riƙe nasa har batir ya mutu, bai sake wani ba. Wani da ya riga ya kawo kekensa a haɗa masa ya aiko aka karɓa. Labbo ya duƙufa a kan wani makunni da zai riƙa yanke wuta da kansa in ta yi yawa, a sake ɗaga shi ba sai an sa sabo ba. Ya kusa cin nasara. Amma a daidai wannan lokacin mai ya dawo gidajen mai, babura suka fito daga zaure, rumfata ta cika da aiki har ba na samun zama. Shi kuma masu kawo masa naɗi sun ragu, wasu saboda maganar gobarar, wasu saboda fankoki masu arha sun shigo waɗanda in sun ƙone sai a jefar. Da damina ta kama ya ce zai je Maiyama ya yi noma ya dawo da kaka. Kaka ta zo ya aiko aka kwashe masa kayan aikinsa. Nomau kuwa ya sayar da gonar fadamar ya koma dillancin albasar wasu a kasuwa.

Shekaru suka wuce. Sai ga farantan sola sun shigo, har a kan rufin bukkar ƙauye kana ganinsu. Sai ga batira marasa nauyi, wanda za ka ɗauka da hannu ɗaya ya fi namu biyu ƙarfi. Duk abin da ya ba mu wahala, nauyi da neman wurin caji, zamani ya kawar da shi. Rana kuwa ba a saye, kuma mu nan ba mu rasa ta ba. Yanzu akwai kekuna da baburan batir da ke zuwa a kwali, akwai kuma kayan da mutum zai saya ya ɗaura wa nasa keken. In an tambaye ni nakan ce na kwali ya fi tsada amma an gwada shi, sai dai in ya lalace kayan gyaransa wuya, wani batirin ma a liƙe yake ba a buɗewa. Na haɗawa ya fi sauƙi kuma ka san cikinsa, amma sai in mai haɗawar ya san abin da yake yi. Ina ganin masu tattara ƙananan batira na tsofaffin kwamfutoci su liƙa su da salatif, babu fis babu komai, su kai caji cikin ɗakin da yara ke kwana. Waɗannan in sun kama wuta ba sa jin ruwa. Ina kuma ganin matattunsu a kan juji. Nakan yi magana, wasu su ji, wasu su ce tsoho ne.

Da mai ya sake yin tsada a 'yan shekarun nan har mutane suka fara zuwa suna tambayata ko har yanzu ina haɗawa, sai na shirya na tafi Maiyama. Na sami Labbo a ƙofar gidansa a kan tabarma, ya tsufa fiye da ni. Muka gaisa, aka kawo fura. Na ba shi labarin sola da sababbin batira, na ce masa yanzu lokacin ya yi, ya dawo mu ƙarasa, ko da baki ne ya riƙa nuna wa matasa. Ya saurare ni har na gama, yana ta tambaya a kan nauyin batirin da yadda ake cajinsa, na ga abin ya shige shi. Sannan ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna mini. Rawa suke yi, ko ludayin furar da ƙyar yake kai shi baki. Ya ce idon ma ba ya raba jar waya da baƙa.

Ya ce, "Naɗi ba a koya shi da baki, Mamman. Sai an riƙa hannun mutum. Da ka zo tun ina iya riƙewa."

Na zauna da shi har la'asar, muka yi salla tare, ya rako ni bakin hanya yana dogara sanda. Ban yi nisa da garin ba babur ɗina ya fara shaƙewa, mai ya ƙare. Na tura shi zuwa wurin wani mai sayar da mai a gindin bishiya, na sayi kwalba ɗaya na zuba, na tayar, na kama hanyar Jega.